Yaya Rabi Jumare, Mai Fito da Tsofaffi Daga Ɗaki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya karɓi ran Yaya Rabi Jumare ranar Laraba, 14 ga Maris, 2007, da hantsi, a gidan ɗanta Abdussalam da ke Gashuwa, aka kai ta makwancinta bayan sallar azahar. Ni kuwa da ke Nguru, ni Sadiya da muka yi shekaru fiye da talatin katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata a unguwar Hausari, ban ji ba sai washegari da la'asar.

Ba wai labarin bai iso ba ne. Ya iso tun kafin a gama yi mata wanka. Abdussalam ya buga wa ɗana Sabitu waya, Sabitu ya shawarci matarsa, suka yanke cewa hawan jinina ba zai ɗauka ba, hanyar Gashuwa kuma ba ta tsohuwa ba ce. Sai ya shiga mota shi kaɗai, ya je ya tsaya a sahu, ya kwana can. Da ya dawo ya durƙusa a ƙofar ɗakina, ya cire hula yana juya ta a hannu, ya ce, "Inna, sai haƙuri. Inna Rabi lokaci ya yi. Amma na je na wakilce ki, kowa ya san kin yi ta'aziyya."

Ban yi masa faɗa ba. Sabitu ɗa ne mai biyayya, kuma don ƙauna ya yi abin da ya yi. Kallonsa kawai na yi, na ji wata gajiya ta sauko mini tun daga wuya har tafin ƙafa. Yaya, kin ji abin da aka yi mini a kan mutuwarki. Ke da kika ƙare tsufanki kina faɗa da wakilcin nan, a ƙarshe shi aka kawo miki a madadina. Tun daga yammacin nan na ji ɗakina yana ja na, irin jan da ya yi mini shekarun baya kafin ki zo ki fito da ni. Abin da nake tsoro ke nan, in koma ciki in rufe ƙofa, alhali wadda ta san yadda ake buɗe ta tana ƙarƙashin ƙasa a Gashuwa.

Ga wanda bai san ki ba, ke 'yar masunta ce daga Dagona. Aure ya kawo ki Nguru, gidan marigayi Jumare mai fataucin kifi, tun jirgin ƙasa yana cika tasha da mutane da buhuna. Sana'arki banda ce. Tarwaɗa da karfasa da suka bi ta hannunki Allah kaɗai Ya san iyakarsu, hayaƙi kuma ya rine miki tafin hannu har ba sabulun da ke fitar da shi. Ba ki yi boko ba, allonki ma bai yi nisa ba, kuma ba ki taɓa ɓoye haka ba. Hausarki ta Bade ce, ba ta cika damuwa da bambanta mace da namiji ba, ni kuma da taurin kai irin na malaman firamare na yi shekaru ina gyara miki, kina ce mini, "To Malama, na ji," gobe ki maimaita. Kina da faɗa, wannan ba zan ɓoye ba don kin rasu. Akwai matan da har yau suke tuna ranar da kika wanke su tas a gidan biki. Amma ban taɓa ganin kin kwana da mutum a rai ba.

A shekarar 1994 abubuwa biyu suka haɗu mini. Na ajiye alli bayan tsawon shekarun da na yi ina koyarwa, watanni kaɗan kuma maigidana Malam Mahfuz ya rasu. Na shiga takaba, takaba ta ƙare, aka yi sadaka, amma ban fito ba. Ba wanda ya hana ni. Matar Sabitu ta karɓe murhu, ta ce na yi nawa. In na ɗauki tsintsiya a karɓe, in na nufi rijiya a riga ni. In an kawo goron suna ko alewar ɗaurin aure sai a miƙa mata, ta yi wanka ta tafi, ta dawo ta ce wance tana gaishe ni. Da farko daɗi na ji, na ce Allah Ya ba ni suruka. Daga baya na lura masu kawo goron sun daina tambaya ko ina ciki. Sai zama ya zama jiki. In na yi niyyar fita sai in ga zanena duk sun tsufa, ko rana ta yi zafi, ko kuma in tambayi kaina wa zai lura in ban je ba. Fiye da shekara na yi a haka, daga kan sallaya sai kan gado, ga rediyo a kunne ba na ma sauraron abin da yake faɗa.

Masu nasiha sun zo sun gaji. Wannan ta ce in yi tawakkali, waccan ta ce in riƙa fita ina shan iska, kamar iska ce ta yi mini ƙaranci. Ke ba ki yi mini nasiha ba. Wata rana da hantsi kika shigo, bayanki mata ɗauke da faya-fayai da buhun shinkafa 'yar Gashuwa, wadda kowa ya san tsakuwarta. Bikin 'yar Alhaji Abbagana ake shirin yi. Kika baje tabarmi a tsakar gidana ba tare da neman izini ba, kika ce inuwar darbejiyata ta fi ta ko'ina a unguwar. Ko leƙo ɗakina ba ki yi ba. Kuka zauna kuna tsinta kuna hira da ƙarfi, har kika ɗauko labarin wata rigima da aka taɓa yi a makarantarmu, kina ba da shi a karkace, kina ɗora laifi a kan wanda ba shi da shi. Na daure, na ƙara daurewa, sai kawai na ji bakina ya ce daga cikin ɗaki, "Ba haka aka yi ba."

Kika ce, "To Malama, in kin fi mu sani ai sai ki fito ki faɗa. Ga faifai nan ya rasa mai shi."

Na fito don in gyara labari, na ƙare da tsintar shinkafa har azahar. Da aka gama kika ce al'ada ce, wadda aka yi tsinta a gidanta ita ke raka shinkafa gidan biki, in ba haka ba an raina amarya. Ni haifaffiyar garin nan ce, iyayena tun daga Haɗeja suka zo suka zauna, ban taɓa jin wannan al'adar ba. Na tabbata a ranar kika ƙirƙire ta. Amma na yafa mayafi na bi ku, kuma al'adar ta zauna daram a Hausari. Duk lokacin da za a yi biki, ke ce mai zaɓar gidan da za a yi tsinta, kuma kullum sai ya faɗa gidan wata tsohuwa da aka kwana biyu ba a gani ba.

Daga baya, da na zama 'yar rakiyarki, na fahimci yadda kike aiki. Kin taɓa ce mini tsoho ba ya shiga ɗaki don ya ƙoshi da mutane, akwai dai wani ɗan abu da yake jin kunyar faɗa, 'ya'yansa kuma ba za su taɓa tambaya ba saboda su ma kunyarsa suke ji. Sai a taru a sa wa abin suna hutu, kowa ya samu sauƙi. Wannan ɗan abin shi kike nema. Wata haƙoranta ne suka zube, ba ta son a ga yadda take fama da nama a cikin taro. Wata in ta zauna a tabarma ba ta iya tashi sai an kama ta. Wata tsoron hawa acaɓa take yi, ga shi gari ya yi faɗi. Wata kuwa sa'o'inta ne suka ƙare, in ta je taro ba mai kiran ta da sunan yarinta, kowa sai ya durƙusa ya gaishe ta ya wuce. Ba ki taɓa ce wa ɗayansu ta fito don amfanin kanta ba. Kullum ke ce mai buƙata, kullum akwai aikin da ya tsaya sai ita.

Ina tuna Baba Laminu, wan mijinki, wanda ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya. Mutum ne mai son hira, amma sai aka wayi gari ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci, yana idar da salla sai gida. 'Ya'yansa suka ce tsufa ne. Ke kika lura in an yi masa magana bakin mutum yake kallo. Ashe kunne ne ya yi nauyi, ya gaji da cewa "na'am?" har sau uku, kuma ya taɓa ba da amsar da ba ta dace ba samari suka ƙyalƙyale. Ba ki ce masa komai ba. Kika samu liman ta hannun matarsa, kika ce rabon goro a wurin ɗaurin aure ya lalace, yara suna wawaso, manya suna tashi hannu wofi, ana buƙatar dattijon da ba a iya yi wa gardama. Aka ɗora wa Baba Laminu. Aiki ne da ba ya buƙatar kunne, amma kowa sai ya zo gabansa ya miƙa hannu. Har ya rasu ba a ɗaura aure a unguwar nan ba tare da an aika masa tun jajibiri ba, kuma ya riƙe aikin da tsananin da har ango sai ya bi layi.

Sai Ya Kaka ta unguwar Bulabulin, Babarbariya, ƙawarki tun zamanin da kuke kai kifi tasha. Ta girme mu duka. Ita ce ta ce in rubuta nata yadda yake, wai ta wuce shekarun jin kunya. Mace ce da ba a biki ba ita, sai ta ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Kika yi ta zuwa kina dawowa ba ki gano ba, har ranar da kika lura ko ruwa ba ta sha in da baƙi a ɗakin. Fitsari ne ya daina riƙuwa, kuma ta gwammace ta mutu a ɗaki da ta tambayi surukar wani hanyar makewayi a gaban mutane. Tun daga ranar, duk gidan da muka shiga, kafin a gama gaisuwa sai ki ɗaga murya ki ce, "Ni fa tsohuwa ce, marata ba ta da haƙuri, ku shimfiɗa mana kusa da makewayi." Mata su yi dariya su ce Inna Rabi ba ta da kunya. Bayan ɗan lokaci kaɗan sai ki miƙe ki ce, "Kaka, taso ki raka ni, idona ba ya gani sosai." Lafiyarki ƙalau, idonki kuma ya fi nawa. Shekaru kika yi kina ɗaukar wannan dariyar a kanki, ba wanda ya sani sai mu uku.

Ba duka kika ci nasara ba. Akwai waɗanda kika yi wa sintiri har ƙafarki ta gaji, suka ƙi. Akwai gidan da babban ɗa ya tare ki a zaure ya ce uwarsa ba 'yar aikin biki ba ce, yana da halin da zai ajiye ta ta huta, kika dawo kina huci kina cewa ya ajiye ta kamar tukunyar da aka daina girki da ita. Ranar na ga kin yi hawaye, kika ce hayaƙin banda ne.

Da daminar 2004 santsi ya kwashe ki a bakin murhun banda, ƙugu ya goce. Aka yi ɗori, kika tashi, amma da sanda. Abdussalam ya zo daga Gashuwa ya ce ba zai iya barin ki ke kaɗai ba, ya kwashe ki da kayanki. Ban ga laifinsa ba, kuma ina so ya ji wannan daga bakina. Duk ɗan halak abin da zai yi ke nan. Ranar da za ku tafi mata suka cika ƙofar gida, kika leƙo ta tagar mota kika ce mana wata biyu kawai za ki yi. Murhunki yana nan har yau, awaki ke kwana a ciki.

Sau ɗaya na samu zuwa, bayan babbar salla ta shekarar da ta biyo. Gida ne mai kyau, da get, da fanka, da talabijin, ɗakinki har da makewayi a ciki. Matar Abdussalam, Nana Aisha, mutuniyar kirki ce, tana yi miki abin da ko 'yar cikinki sai haka. Na same ki a kan katifa kin jingina da bango, kin yi fari kin yi ƙiba, amma muryar ta ragu. Kika miƙo mini tafin hannunki kika ce, "Malama, dubi. Kamar na amarya. Ko warin kifi babu." Kika yi dariya, ni kuwa na kasa taya ki. Kika ce kin roƙi a ba ki ko zogale ne ki riƙa tsigewa, Nana Aisha ta ce, "Haba Inna, in baƙi suka shigo suka gan ki da aiki, me za a ce da mu?" Kika ce kin nemi a kai ki Dagona ki ga ruwa, aka ce sai ƙafa ta ƙara ƙwari, kuma ma ciyawar kacalla ta cinye mashigar da kika sani. A unguwar ba wanda ya san ki. In an yi suna a maƙwabta, Nana Aisha ce ke zuwa ta dawo ta ce ana gaishe ki.

Na ce miki, "Yaya, ina dabarunki? Ke da kika fito da rabin Hausari."

Kika ce, "Abin na mutum biyu ne, Malama. Sai da wani a waje. Ni nan kowa yana sona, ba mai buƙatata."

Kafin in taho na samu Abdussalam na yi masa magana. Ya saurare ni da ladabi, kansa a ƙasa, ya ce likita ne ya ce ki huta. Ban san me zan ce wa likita ba. Na shiga mota na dawo, hanya ta jijjiga ni har na yi kwanaki ina jinyar baya.

A nan Nguru kuwa abin da kika gina ya riƙa zubewa a hankali. Masu biki suka koma shinkafar waje wadda ba ta da tsakuwa, tsinta ta mutu, al'adarki ta bi ta. Baba Laminu ya rasu, goro ya koma hannun samari a leda. Na gwada in riƙe wani abu, amma ni ba ke ba ce. Ba ni da bakinki, ba ni da ƙarfin halin shiga gidan mutane in baje tabarma. Ya Kaka ta koma ɗaki. Nakan leƙa ta jefi-jefi in an samu mai kai ni, mu gaisa, surukarta tana zaune a gefe, in taso. Ni ma fitar tawa ta ragu, yau gwiwa, gobe jiri. Sai ga labarinki ya zo a yadda ya zo.

Kwanakin da suka biyo baya ban fita ko tsakar gida ba. Aka yi sadakar uku ba ni. Mata suna shigowa yi mini gaisuwa, ina amsawa daga kwance. Gaskiya na gaji, Yaya. Na ce a raina wataƙila yaran nan sun fi mu gaskiya, wataƙila akwai lokacin da ya kamata mutum ya ja jiki ya bar wa masu ƙarfi duniyarsu. Ranar Lahadi sai ga surukar Ya Kaka ta zo ta'aziyya. Da za ta tafi ta rage murya ta ce, "Inna, don Allah in kin shigo wajenmu kada ki ambata wa Ya Kaka. Ba mu faɗa mata ba. Mun daina faɗa mata irin wannan, jikinta ba zai ɗauka ba."

Washegari da safe na yi wanka, na yafa mayafi, na ce wa Sabitu ya kai ni Bulabulin. Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskata, ya je ya tayar da babur.

Na samu Ya Kaka a ƙuryar ɗaki, ta ƙanƙance, tasbaha a hannu. Ta gaishe ni da Barbarci ta ce, "Wushe, Malama, wushe. Yau an tuna da mu?" Surukar ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa tana yi mini ido. Na zauna a gefen gado, na kama hannun tsohuwa, na ce mata Rabi ta rasu ranar Laraba a Gashuwa, an binne ta. Na faɗa a fili, ban yi kwana-kwana ba.

Ba ta faɗi ba, ba ta suma ba. Ta yi salati, hawaye yana bin tamojin fuskarta. Sannan ta ce, "Allah Ya yi miki albarka. Rabon da a faɗa mini mutuwa har na manta. Na ɗauka an daina mutuwa a garin nan." Sai ta ƙara riƙe hannuna ta ce, "Tsaya. Hajja Falmata fa?"

Na ce, "Ya Kaka, ai Hajja Falmata ta rasu tun bara waccan." Wallahi na ɗauka ta sani. Duk zuwan da nake yi ba ta taɓa ambaton sunanta ba.

Ta ce, "Yagana mai ƙosai?"

Na ce ta rasu da azumi.

Ta riƙa kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, ina amsa mata. Wasu suna raye, da yawa ba sa nan. Da ta gama sai ta saki hannuna ta ce, "Falmata. Kullum ina zaune a nan ina cewa ta ga na kwanta ta yar da ni. Na rantse ko ta zo ba zan amsa sallamarta ba. Har a sujada na kai ƙararta. Ashe da gawa nake gaba." Ta juya ta dubi surukarta, ba da faɗa ba, ta ce, "Na ce ba zan ƙara fita ba tunda ba mai nemana. Ashe masu neman nawa ne suka ƙare, kuka bar ni ina zagin su."

Yarinyar ta durƙushe a wurin tana kuka, tana cewa wallahi don tausayi suka yi. Na san gaskiya ta faɗa. Ya Kaka ta ce a kawo mata buta. Ta yi alwala, ta zauna ta bi matan nan da addu'a kowace da sunanta da sunan uwarta, ta roƙi Falmata gafara kamar tana gabanta. Da ta shafa sai ta tambaye ni yaushe ne sadakar bakwai. Na ce gobe. Ta ce a ciro mata mayafinta daga ƙasan akwati a shanya, ya yi warin ajiya.

An yi ta fama da mu a gidajen biyu. Ɗan Ya Kaka ya ce hanya, Sabitu ya ce zafi, aka kawo maganar hawan jini. Ya Kaka ta ce in ta mutu a hanya a ƙarasa da ita Gashuwa a binne ta kusa da ke, an huta da wahala biyu. Da Sabitu ya ga ba makawa, shi ya samo mota ya kai mu da kansa, yana tafiya a hankali yana kauce wa ramuka. Mun isa a gajiye, ƙafafu a kumbure, amma da ranmu. Abdussalam ya fito ya gan mu, sai ya tsuguna ya rufe fuska da hula. Muka zauna a ɗakin da kika yi zaman ƙarshe, muka yi miki addu'a da bakinmu, muka yi kuka mai isarmu, muka ba Nana Aisha labarinki har ta yi dariya cikin hawaye ta ce ita ba ta taɓa sanin wannan Innar ba. A hanyar dawowa Ya Kaka ta yi barci a kafaɗata, da muka shigo gari ta farka ta ce mini akwai sauran gidaje da take bin su gaisuwar mutuwa, ba za ta iya zuwa ita kaɗai ba, in shirya ranar Alhamis.

Ban yi miki alkawarin zan zama ke ba, Yaya. Gwiwoyina ba su canza ba, gajiyar ma tana nan, kuma da safe in na farka ɗakin nan bai fasa ja na ba. Amma ranar Alhamis akwai mai jirana, na kuma ce mata to.

Ya Allah, ga baiwarKa Rabi ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yafe mata kaifin harshenta saboda taushin zuciyarta. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, kada Ka bar ta cikin kaɗaici, ita da ba ta iya ganin wani a cikinsa ta wuce ba. Kunyar bayinKa da ta rufe, Ka rufe tata ranar tsayuwa. Ka haɗa ta da Jumare da Baba Laminu da Falmata da Yagana da iyayenmu baki ɗaya a Aljannar Firdausi. Mu da muka rage Ka ba mu ƙarfin ƙafa gwargwadon kwanan da ya saura, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Abdussalam da Nana Aisha da 'ya'yansu, da dangi na Dagona da na Gashuwa, da matan Hausari da Bulabulin. Kun riƙe ta da ƙauna iyakar saninku, Allah Ya saka muku, Ya ba ku haƙurin rashi, Ya sa 'ya'yanku su ji ƙanku.

Kai kuma Sabitu, da kai da ɗan Ya Kaka, roƙo ɗaya nake yi muku, ku riƙe shi amana. In Ya Kaka ta riga ni, ku faɗa mini a ranar, kafin a ɗauke ta. In ni na riga ta, ku je ku faɗa mata da bakinku, ku kawo ta ta gan ni. Kada ku bar ta tana jirana ranar Alhamis tana cewa na yar da ita.